Tausaya wa kai ba sangarta ba ce

'Yar'uwa, kin ce tun da ciwon damuwa ya kama ki kullum cikin zagin kanki kike, kuma da likita ya ce ki riƙa tausaya wa kanki sai kika ji tsoron kada hakan ya mai da ke raguwa. A'a, ba zai mai da ke ba. Wannan zagin kai da jin kin zama banza ai suna cikin alamomin ciwon ne. Wani masanin halayyar ɗan'adam a Ingila, Paul Gilbert, ya lura masu yawan jin kunyar kansu da zargin kai cikin waɗanda yake dubawa kan faɗa wa kansu magana mai ma'ana, amma cikin tsawa, shi ya sa ba ta ratsa su. Daga nan ya gina hanyar jinya a kan tausayi.

Ni ma na taɓa shiga wannan hali. Wata rana na ƙona tuwo, na tsaya bakin murhu ina ce wa kaina "shashasha, ko tuwo ya gagare ki", na wuni kwance ban ko kankare tukunyar ba. Da na ba wa likitata labari sai ta ce, da ƙanwarki ce fa, me za ki ce mata? Na ce, "Jiƙa tukunyar, mu ɗora wani." Kin ga, da wannan muryar ce aka ci tuwo. Sai dai da farko za ki ji kamar ƙarya kike wa kanki, ni har kuka ya sa ni, na yi makonni kafin na saba. Kuma duk ranar da zuciya ta fara raya miki cewa gara ki mutu, a ranar za ki sanar da likita da wani na kusa da ke.