Tambaya da Amsa: Warin Sabuwar Katifa a Ɗakin Amarya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na aurar da 'yata a watan da ya gabata, kuma cikin kayan ɗakin da muka yi mata akwai katifa irin wadda masu shago suke kira memori fom, wadda idan aka danna ta da hannu shatin yatsu yakan ɗan jima kafin ya ɓace. An kawo ta a naɗe, muka kwance ta ranar jere, muka bar ledar da ke jikinta don kada ta yi datti. Tun da yarinyar ta tare take kukan ciwon kai da safe, ga ƙaiƙayin ido da atishawa, mijin kuma ya ce wani wari kamar na gam yana hana shi barci. Kullum tana turara ɗakin, amma da hayaƙin ya lafa sai warin ya dawo. Wasu 'yan uwa har sun fara zancen ko hannu aka sa mata. Shin katifar ce, kuma tana da illa ga lafiya? Daga wata uwa a Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Abin da kika bayyana sananne ne ga wannan nau'in katifa, kuma yana da dalili na zahiri da za a iya magancewa a cikin gida, don haka ina ganin a dakata da zargin kowa har a gwada abin da zan faɗa.

Soson memori fom ɗan gidan su soson katifar da muka saba da shi ne, wato foliyuritan, sai dai an sarrafa shi yadda zai riƙa lotsawa a hankali idan ya ji nauyi da ɗumin jiki. An fara ƙirƙiro shi a Amurka a 1966, a wani aiki na hukumar binciken sararin samaniya ta NASA, domin inganta kujerun jiragen sama, daga baya ya shiga asibitoci, sannan ya iso ɗakunan barci. A masana'anta ana haɗa sinadarai biyu masu ruwa-ruwa, ɗaya ana kiransa foliyol ɗaya kuma aisosayanet, a zuba musu wasu ƙananan sinadarai masu gaggauta haɗuwar, sai haɗin ya kumbura ya daskare ya zama soso. Ragowar waɗannan ƙananan sinadarai, da gam ɗin da aka manne hawa-hawan soson da shi, ba sa ƙarewa nan take. Sukan ci gaba da fita a hankali a matsayin tururin da ido ba ya gani, kuma shi ne hanci yake kamawa. Aisosayanet kansa yana cikin abubuwan da aka sani suna jawo ciwon asma ga ma'aikatan da ke shaƙar sa ɗanye a masana'anta, amma a soson da ya gama daskarewa ya riga ya haɗe ya zama jikin soson, don haka halin mai kwanciya a kan katifa ya bambanta ƙwarai da na mai aikin haɗa ta.

Katifar da aka matse, aka zuƙe iskarta, aka naɗe ta a leda jim kaɗan bayan ƙera ta, ba ta samu damar fitar da wannan tururi ba. Yana nan a tsare cikin miliyoyin ƙananan ƙofofin soson har ranar da aka kwance ta. A nan ne al'adarmu ta barin leda a jikin katifa take yin ɓarna, domin tururin da ya kamata ya fice cikin 'yan kwanaki sai ya riƙa tsatsowa kaɗan-kaɗan ta bakin ɗinki da wuraren da ledar ta yage, har tsawon makonni. Ledar kuma tana tara zufa tsakaninta da zanin gado, ta jawo ƙurajen zafi a baya da wuya, waɗanda sau da yawa ake ɗora wa sinadarin katifa laifinsu.

Yanayin Kano ma yana da nasa hannun. Zafi yana ƙara saurin fitar wannan tururi, kuma wani bincike da aka wallafa a 2019 kan katifun foliyuritan ya nuna cewa ɗumin jikin mai barci kaɗai yana ƙara yawan abin da katifa take fitarwa, ko da yake a yawancin lokuta adadin bai kai matakin da ake ɗauka a matsayin haɗari ga babba ba. To a bazara, lokacin da zafin Kano yakan haura digiri 40, ɗakin da aka rufe ƙofarsa da tagoginsa tun safe yakan cika da warin kafin magariba. A hunturu kuma ƙura ce take sa a toshe ko'ina, da damina sauro. Kowane lokaci dai akwai hujjar rufe taga, alhali ma'aurata za su shafe awa bakwai ko takwas fuskarsu tana dab da soson. Wannan ya sa ciwon kan ya fi tsananta da safe, ya kuma sassauta idan mutum ya fita ya sha iska.

Sai dai ba zan ɗora wa katifar laifin duka ba tukuna. Ɗakin amarya wuri ne da komai sabo ne a rana ɗaya: fenti, kafet, labule, kujeru, da gado da wardirof waɗanda yawanci yanzu da katakon MDF ake yin su. Shi wannan katako garin itace ne aka matse da gam, kuma gam ɗin yana fitar da sinadarin fomaldihaid, wanda ya yi ƙaurin suna wajen sa ido yaji da maƙogwaro ƙaiƙayi. Ki ce wa 'yarki ta buɗe durowar wardirof ɗin ta kai hancinta ciki. Idan idonta ya kawo ruwa nan take, to kafinta ma yana da kaso a cikin lamarin. Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce a fitar da katifar daga ɗakin na 'yan kwanaki su kwana a kan wata tsohuwa, a ga ko warin ya bi ta ko ya tsaya.

Abin yi shi ne a yaye ledar gaba ɗaya, a cire zanin gado, idan rigar katifar mai zif ce a zare ta a wanke. A jingine katifar a baranda ko ƙarƙashin rumfa inda iska take kaɗawa ta kowane gefe, ko a ɗakin da babu mai kwana, a buɗe tagogi a sa mata fanka, a riƙa juya ta. Tattaka ta da ƙafa mai tsabta ko danna ta da hannu yana taimakawa wajen turo tsohuwar iskar da ke ciki. A kiyaye abu biyu da muka saba yi wa katifa. Kada a shanya soson tsirara a tsakiyar rana, domin hasken rana yana sa shi yin rawaya ya fara marmashewa, kuma kada a wanke shi, domin yana shan ruwa ya daɗe bai bushe ba har ya yi fumfuna, wadda illarta ga ƙirji ta fi ta warin. Yawanci warin mai ƙarfi yakan ragu sosai cikin kwana uku zuwa bakwai, ɗan abin da ya saura ya bi sannu a makonni masu zuwa. Idan ana son kare ta daga datti, akwai rigar katifa ta yadi da ake sayarwa, wadda take hana ruwa shiga amma ba ta kama zafi kamar leda.

Batun turaren wuta kuwa, na san ba a raba amaryar Kano da kasko, amma a wannan hali yana ƙara wa borno dawaki ne. Ƙamshin yana rufe warin na ɗan lokaci ba tare da ya kore shi ba, hayaƙin kuma yana ƙara fusata hanci da idon da dama suna ƙaiƙayi, musamman da yake ana rufe ɗaki don turaren ya kama. Haka maganin sauro na kunnawa da fiya-fiya. Sannan garwashi bai dace da kusa da katifar soso ba ko kaɗan, domin foliyuritan yana saurin kama wuta, kuma hayaƙinsa yana ɗauke da guba mai iya sumar da mutum kafin wutar ta iso gare shi.

Idan akwai mai asma a cikinsu, ko yarinyar ta samu ciki, kada su koma kan katifar sai warin ya tafi. Duk wanda numfashinsa ya fara fito, ko ƙirjinsa ya riƙe, ko fuskarsa ta kumbura, ya tafi asibiti a ranar, kamar Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Idan kuma aka yi wata guda ana shanya katifar a inuwa amma warin bai sassauta ba, sai a mayar wa mai shago tare da rasit, domin akwai katifun da ake haɗawa da yankakkun guntayen soso da gam mai yawa a lulluɓe da yadi mai kyau, a sayar da sunan memori fom.

TAMBAYA: Matata ta haihu, kuma na sayo ƙaramin filon memori fom da zummar jariri ya riƙa kwanciya a kai. Ya yi ɗan wari da farko amma yanzu ya daina. Ko za mu iya amfani da shi? Daga wani magidanci a Hotoro.

AMSA: Barka, Malam, Allah ya raya. Ko da warin ya tafi, ba na ba da shawarar hakan. Taushin soson ne abin tsoro a nan, domin yana lotsawa ya bi siffar fuska, jariri kuwa ba shi da ƙarfin wuyan da zai ɗago kansa idan hanci da bakinsa suka nutse. Shawarar likitocin yara ita ce jaririn da bai cika shekara ɗaya ba ya kwanta a rigingine, a kan shimfiɗa mai ɗan tauri kuma miƙaƙƙiya, ba tare da filo ko tarin tsummoki a gefen kansa ba. Filon sai ka bar wa maijego, zai yi mata amfani wajen tokare baya lokacin shayarwa.