Amsa ga ɗan ƙanena kan kwamfutar da yayansa ya ba shi

Ɗana, tambayarka ta sa ni murmushi, amma ta ɗan dame ni. Ka ce yayanka ya ba ka tsohuwar laptop ɗinsa mai Windows 10, kana so ka goge komai ka ɗora Linux Mint, wani nau'in Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ka kulle ta da kalmar sirri, sai dai kana tsoron kada a ce ka raina kyauta, tunda a gidanmu ƙani ba ya rufe wa yayansa ƙofa.

Lokacin da nake firamare, ni ne mai karanta wa matan unguwarmu wasiƙun mazajensu da suka tafi cin rani Ikko da Kumasi. Wata rana da la'asar maƙwabciyarmu ta kawo tata a ƙulle cikin gefen zani, ta zaunar da ni a soro, na karanta mata cewa mijinta ya yi asara, bashi ya yi masa katutu, ba zai dawo da damina ba. Ba ta ce uffan ba, ta ninke takardar ta miƙo mini ƙuli-ƙuli. Da na shiga gida matan suka yi mini caa da tambaya, sai kakarmu ta ja ni ɗakinta ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma idon da ya karanta wasiƙar wani aro ne aka yi. Har matar ta rasu ba wanda ya ji labarin daga bakina.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yanzu ana sayar da kwamfuta a kasuwa da hotunan iyali da takardun banki a cikinta, ko a miƙa wa mai gyara tare da kalmar sirri ba ko ɗar. Kuna jin kunyar yayanku, amma ba ku damu da Microsoft, kamfanin da ke Amurka mai Windows, ba. Windows 11 tana matsa wa mutum ya buɗe asusun Microsoft, tana kuma neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta, wanda tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi, ga shi an dakatar da tallafin yau da kullum na Windows 10, wato sabunta ta da ake yi a kai a kai, tun 14 ga Oktoba 2025. Linux kuwa, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kyauta ce, kowa yana iya duba yadda aka rubuta ta, kuma ba ta yi wa tsohuwar na'ura nauyi, ko da yake sai ka saba da LibreOffice a madadin Word.

Kafin ka goge komai, ka je ƙafa da ƙafa ka tambayi yayanka ko ya kwashe kayansa, kuma kada ka buɗe abin da ka tarar. Maganar kulle ta kuwa, mu tattauna mu uku idan kun zo hutun Sallah.