Yadda almakashi ya yi wa Goebbels aiki

Jiya muna cikin haɗa fim ka ce min, "Maigida, finafinan Jamus na zamanin Hitler da kake kira farfaganda, ai ni soyayya na gani da iyali a gaban rediyo." Jawo kujera, ɗana, don amsar tana kan teburin da muke aiki.

Goebbels, ministan farfagandarsu tun 1933, ya gane cewa mai jin yunwar nishaɗi ba ya sayen tikiti don a yi masa wa'azi. Shi ya sa UFA, babban kamfanin finafinan Jamus, ya fi ba da ƙarfi ga labarin gida. Ɗauki fim ɗin Wunschkonzert na 1940, wanda mutum sama da miliyan 20 suka kalla. An gina shi kan wani shirin zaɓi-sonka na rediyo da ake yi wa sojoji ranar Lahadi. Budurwa ta haɗu da matuƙin jirgin yaƙi a gasar Olamfik ta Berlin ta 1936, aka tura shi Sifaniya a asirce, ta zauna jira shekara uku.

Yanzu dubi hannun edita. Ana waƙa a zauren shirin rediyon, sai ya yanka zuwa soja a bakin daga, ya sake yankawa zuwa mutanen gida sun kasa kunne, kuma sautin bai katse ba. Waƙar nan ita ce zaren da ya ɗinke su. Babu wanda ya buɗe baki ya ce yaƙi alheri ne, amma ka tashi kana jin duk ƙasar ɗaki guda ce. Na sha gaya maka, sauti ya fi hoto iya yaudara, kai kuma kullum sai ka bar shi ƙarshe.

A fim ɗin Die grosse Liebe na 1942 ma, ana ta ɗaga aure saboda an kira ango filin daga, har amarya ta koyi haƙuri. Ramin ɓuya daga bama-bamai kuwa an mai da shi kamar zauren hira. Maƙwabta Yahudawa da ake kwashewa a jirgin ƙasa a wannan shekarar, ko inuwarsu ba ta shiga kyamara ba.

Gobe ka kashe sautin wurin waƙar nan ta Wunschkonzert, ka ƙirga min yanka nawa aka yi, ka faɗa min fuskar wa aka fi daɗewa a kai.