Tambayoyin Masu Karatu: Na Kasa Gane Kabarin Kakana

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bayan babbar salla na je ƙauyenmu a ƙasar Katsina domin ziyartar kabarin kakana, wanda ya rasu tun ban yi wayo ba, sai na tarar ciyawa ta rufe maƙabartar, kuma dattijon da ya raka ni ya kasa nuna mini wane tudu ne nasa. Ina son in tattara salsalar gidanmu saboda 'ya'yana da aka haifa a birni. Shin ya halatta mu kafa alluna masu sunaye a kan kaburburan danginmu? Kuma ta ina zan fara neman asalinmu?
Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan magabatanmu. Abin da ka gani ba sakacin mutanen garinku ba ne, domin a ƙauyukanmu alamar kabari ba ta wuce reshen itace ko fasasshiyar tukunya da ake kifawa a wajen kai, kuma da damina biyu ko uku sun wuce, gara ta cinye itacen, ruwa ya kwantar da tudun.

Sanya alama yana da asali. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye dutse a wajen kan kabarin Usman ɗan Maz'un domin ya riƙa gane shi, ya kuma binne waɗanda suka rasu daga iyalinsa kusa da shi. Amma a hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito an hana yi wa kabari shafe da farar ƙasa da yin gini a kansa, kuma ruwayar Tirmizi ta ƙara da hana rubutu. Shi ya sa a Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda malamanmu na Malikiyya ke karantarwa, aka halatta dutse ko itace don bambancewa, ba tare da zane ba. Shawarata ita ce ku kafa dutse mai nauyi da sanin liman da mai gari, sa'annan ka zana taswirar wurin a littafi, ka nuna tazarar kowane kabari daga wata kuka ko tsamiya da kowa ya sani.

Ita kuwa salsala, ba a maƙabarta za ka same ta ba, tana bakin tsofaffin da ke raye, musamman mata. Ka nemi gwaggonka mafi shekaru, ka kai mata goro da turmin atamfa, ka zauna a tabarmarta bayan la'asar, ka bar ta ta yi ta zance, wayarka na ɗauka da izininta. Ita ce ta san wa ya auri wa, wa ya sha nono da wa, da wanda ya tafi cin rani bai dawo ba. Sai dai ka yi hattara da alkunya, domin tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, kuma da yawa daga kakanninmu da laƙabi aka san su, irin su Tanko da Ɗanjuma. Ka rubuta laƙabin da sunan yanka tare, ka kuma bi diddigin takwarori, tunda duk yaron da ake kira Abba ko Mai-sunan-Malam yana ɗauke da sunan wani da ya gabata.

Idan ka zo kan shekaru, kada ka tambayi lamba, ka tambayi abin da ya faru a lokacin. Shigowar Turawa Kano 1903 ne, yunwar Kakalaba 1914, samun 'yancin kai 1960, canjin kuɗi daga fam zuwa naira kuma 1973. Wanda aka ce an haife shi ana damina biyu kafin canjin kuɗi, ka ga ka sami shekararsa.

Daga nan ka duba takardun rabon gado na kotun alƙali, domin suna jero magada da sunayensu, da kuma bangon tsofaffin littattafan malaman gidanku, inda wasu ke rubuta ranar haihuwa da ta rasuwa da ajami. Tunda a Kaduna kake, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa yana kusa da kai, kuma rahotannin gundumomi na zamanin Turawa da ke can sukan kawo tarihin kafuwar ƙauyuka da jerin dagatansu. Amma ka fara da gwaggo tun wannan makon, kafin ka nufi wajen takardu.