Tsingaro, katanga da sakaina

Wani mai karatu daga Tawa ya rubuto cewa ƙanensa ya tono guntun tsohon tulu yana noma, gardama ta kaure a gida: tsingaro ne, katanga ce, ko sakaina? Ya kuma ce wai masana na iya gane shekarunsa, yaya suke yi?

Malam, Allah ya saka da alheri. Mu fara cire sakaina: guntun ƙwarya ce ko duma, ba ta shafi yumɓu ba. Ita ce makomar ƙwaryar nan ta karin magana, "ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe", wato kowa ya yi hulɗa da daidai shi. Tsingaro ƙaramin ɓallin tukunya ne ko tulu. In ɓallin babba ne, irin wanda ake ɗebo garwashi da shi ko a zuba wa kaji ruwa, sunansa katanga. Yara da yawa a Yamai yau katangar gida kaɗai suka sani, abin kuwa yana damuna.

Batun shekaru, masani yakan fara duba bakin karayar. A nan yake ganin abin da maginiya ta cuɗa da yumɓun: yashi, ƙaiƙayi, ko dakakken tsohon tsingaro, don kada tulun ya tsage a wuta. Sai zanen jiki, ko na murza igiya ne ko na tsinke. Daga nan a auna gawayin da aka samu tare da shi ta hanyar kabon 14, wani awo da ke nuna shekarun gawayin, ko a gasa ɗan gutsuren tulun a ɗakin bincike a auna hasken da yake fitarwa, wanda ke nuna tsawon lokacin da ya shige tun ƙonawarsa ta ƙarshe. Da irin wannan awo aka gane tukwanen Tagalagal, a duwatsun Abzin, sun haura shekara 9,000. A Bura kuma, yankin Tera, inda aka gano maƙabarta a 1975, Boube Gado na jami'ar Yamai ya haƙa a 1983, ya tarar da ɗaruruwan tuluna a kife bisa kaburbura. Daga baya 'yan fasa-ƙwauri suka wawashe wurare irinsa, suka sayar waje.

Ku gaya wa ƙanen naku kada ya wanke shi, kada ya ƙara tono, domin gawayin da ƙasar da ke kewaye da shi su ne rabin shaidar. Ya ɗauki hoto, ya yi wa wurin alama, a sanar da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai.