Ƙanƙara da ruwa sun lalata motata a kan tirela, wa zai biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim. Da na sayar da shinkafar rani, na haɗa kuɗi na sayi akori-kura a Legas don in riƙa kai kaya kasuwar Gujungu. Aka ɗoro ta a tirelar ɗaukar motoci, a hawan ƙasa. A hanya aka yi ruwa da ƙanƙara, gilashin gaba ya tsage, bonet ya lotsa. Washegari direba ya iske ruwa ya shafe titi a wani kwari, wasu motocin sun tsaya, shi kuwa ya kutsa. Tirelar ta mutu a tsakiya, ruwa ya shiga motata har kan kujeru. Mai tirela ya ce ƙaddara ce, kuma wai an rubuta a webil, wato takardar dakon kaya, cewa duk abin da ya sami kaya yana wuyan mai su. Ina da ƙaramar inshorar nan ta dole. Ina haƙƙina yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Na san ciwon ganin gumin rani guda ya iso ƙofar gida yana ɗigar ruwa.

Mu fara cire takardar inshorar da ke hannunka daga lissafi. Inshorar dole, wadda kuɗinta na motar gida ya koma naira 15,000 a Janairun 2023, ɓarnar da motarka ta yi wa wani take biya. Motarka ba ta cikin abin da ta ɗauka. Ta tirelar ma haka take: wanda tirela ta buge a titi take karewa, ban da kayan da ke bayanta.

Ɓarna biyu ka kawo mini, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

A kan ƙanƙara, mai tirela yana da bakin magana. Tirelar motoci a buɗe take, ka kuma san haka lokacin da aka ɗora taka. Ƙanƙarar farkon damina ba ta sallama, cikin 'yan mintuna ta gama aikinta, kuma a tsakiyar daji babu rumfar da za ta ɗauki tirela. Dokar da kotunanmu ke aiki da ita ta yarda cewa mai dako ba ya biyan ɓarnar da ta sauko daga sama, wadda babu hannun mutum a ciki kuma babu hattarar da za ta hana ta. Sai fa in kun yi da shi zai rufe motar da tamfol ko bargo, ya karɓi kuɗin hakan, ya ƙi yi. In ba haka ba, gilashi da bonet ka ɗauke su a naka.

Ruwan kwari kuwa maganar daban ce, kuma a nan nake so ka tsaya da ƙafarka. Dukanmu mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta wanke mai ganganci. Ruwan ba shi ya zo ya sami tirela ba, direba ne ya kai ta cikinsa, da idonsa a buɗe, bayan ya ga 'yan'uwansa sun ja sun tsaya. A ambaliyar 2022 manyan motoci sun yi kwanaki jere a bakin hanyar Lokoja zuwa Abuja suna jiran ruwa ya janye. Abin da ake tsammani daga direba mai hankali ke nan, ya jira, ko da za a yi masa ƙorafin jinkiri.

Akwai ƙa'idar da masu kaya da yawa ba su sani ba. Wanda ya karɓi kayanka lafiya don ya kai su a biya shi, ya kawo su a lalace, shi ne zai nuna cewa ba sakacinsa ba ne. Nauyin hujja a kansa yake. Kuma laifin direba a bakin aiki ubangidansa ake bi, don haka kada a haɗa ka da yaron da ba shi da komai sai albashin wata. A fikihun Malikiyya ma, da ake aiki da shi a kotunan shari'a na Jigawa da Kano, mai dakon irin wannan kaya amintacce ne, ba ya lamuni sai in ya yi sakaci ko ya wuce gona da iri. Kutsa kai cikin ruwan da ba ka san zurfinsa ba da dukiyar mutane, ni dai ban san sunan da ya dace da shi ba in ba wannan ba.

Rubutun webil kada ya firgita ka. Kotu tana duba ko an nuna maka shi kafin a ɗora motar, ko kuwa sai bayan an tashi aka miƙa wa dillali. Tana kuma fassara irin wannan sharaɗi a ƙuntace, ba ta saurin yarda ya rufe sakaci. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ma ba ta bar mai sana'a ya fake da rubutu ya kuɓuta daga mummunan sakaci ba.

Yanzu ga abin yi. Kada kowa ya tayar da motar. Injin da ya sha ruwa in aka murza masa maɓalli yakan lanƙwasa ƙarafan ciki, sai a ce kai ka ƙarasa shi. Bakanike ya zaro ma'aunin baƙin mai a gabanka. In man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Ka ɗauki hoton wannan, da zanen laka da ruwa ya bari a jikin ƙofa da kujeru. Ka nemo hotunan ranar da aka ɗora ta a Legas, da lambar wayar sauran masu motocin da ke hawan ƙasa, don shaidarku ɗaya ce.

Sannan ka rubuta wa mai tirela takarda, da ƙiyasin gyara, ka tambaye shi ko yana da inshorar kaya a kan hanya. Ita ce aka yi domin irin wannan rana. Iri biyu ce: akwai mai ɗaukar kusan kowace ɓarna, akwai wadda ta tsaya kan gobara da karo da kifewa, wadda ruwa ba lallai ya shiga ciki ba. In yana da ita, ya sanar da kamfaninsa yanzu, domin jinkirin sanarwa yana iya kashe haƙƙi. In kamfanin ya yi ta jan ƙafa, hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora tana karɓar koke. In ba shi da ita, bashin yana nan a kansa. Ka fara kai maganar gaban shugabannin ƙungiyarsu a tasha, sau da yawa a nan ake gamawa. In ta ƙi, ka ga lauya.

Gaba in za ka sake ɗoro mota, ana yanka inshorar tafiya guda, daga Legas zuwa Ringim kaɗai, a kan darajar motar. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi. Ka sa a rubuta ambaliya da ƙanƙara da sunansu a takardar, ka kuma biya kuɗin kafin tirela ta tashi, don a dokar Najeriya inshorar da ba a biya ba ba ta fara aiki.