Amsa ga baiwar Allah da ta yi tambaya kan 'yarta da sanƙarau ya taɓa wa ji

Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara wa yarinya lafiya ya raya miki ita. Na karanta tambayarki, kin ce shekararta shida, da can tana magana sarai sai sanƙarau ya kama ta tana 'yar shekara huɗu ya taɓa mata ji, yanzu makarantar unguwa sun ce za su karɓe ta amma dangin babanta sun ce a'a a kai ta makarantar kurame kawai, kin rasa wanne za ki ɗauka. Ni malamar firamare ce, na daɗe ina koyarwa a ajin da ake haɗa yara masu buƙata ta musamman da sauran yara, so abin da zan faɗa miki abin da idona ya gani ne.

Karɓar yarinya daban, koyar da ita daban. Hedimasta zai ce miki kawo ta babu komai, kuma wallahi da zuciya ɗaya yake faɗa, amma idan babu ko mutum ɗaya a makarantar da zai iya isar mata da darasi to za ta yi shekara shida a kan benci tana kwafar allo da rubutu mai kyau kamar na ɗab'i, ki tambaye ta me ta rubuta ba ta sani ba. Na ga irin wannan da yawa, a kawo mana yaro daga aji huɗu littafinsa cike fal, ba ya iya karanta sunan mahaifiyarsa. Iyaye suna murna yana zuwa makaranta, malamai suna ciyar da shi gaba saboda tausayi, shekarun da ya fi buƙata suna wucewa.

Kafin ma maganar makaranta, dan Allah an yi mata gwajin ji na asibiti? Ba tafa hannu a bayanta ba, gwajin da ake sa mata abu a kunne a ba ku takarda mai nuna iya abin da ya rage a kowane kunne. Asibitin Malam Aminu Kano suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Kada ki jinkirta, saboda sanƙarau yakan sa can cikin kunnen ya riƙa ƙanƙarewa ya koma ƙashi a hankali, idan akwai abin da likita zai iya yi gara da wuri. Kuma wannan takardar ita za ta raba miki gardama da dangi, don yaron da ke da ragowar ji wanda na'urar kunne za ta taimaka masa hanyarsa daban da wanda jin ya tafi gaba ɗaya.

'Yarki tana da wani babban jari, ta riga ta koyi Hausa kafin ciwon. Kada ku daina yi mata magana! Gidaje da yawa da zarar an ce yaro ya kurumce shikenan sai a koma nuni da yatsa da zunguri, a hankali maganar da take da ita ta zube. Ki tsuguna daidai fuskarta, ki yi magana yadda kika saba ba da ihu ba, ki bar ta ta amsa ko da muryar ta fara canzawa, kuma ki hana yara yi mata dariya a kan haka ko su kira ta bebiya. Amma fa ki haɗa da maganar hannu, kar wani ya tsorata ki cewa idan ta koyi hannu za ta daina magana, ba haka ba ne, yaran da na ga sun fi ci gaba su ne masu duka biyun. Karatun leɓe kaɗai ba ya isa, kalmomi da yawa kamanninsu ɗaya a baki, kuma yana gajiyar da yaro sosai, zuwa ƙarfe goma sha ɗaya za ki ga ta kwantar da kai a tebur malami ya ce lalaci ne.

Ki sani kuma maganar hannun iri biyu za ki tarar. Akwai wadda kuramenmu na Kano suke yi tsakaninsu tun kaka da kakanni, akwai ta makaranta wadda asalinta daga Amurka ne, wani kurma baƙar fatan Amurka Andrew Foster shi ya shigo da ita lokacin da ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957 sannan Ibadan a 1960. Ta makarantar da ita ake darasi, don haka ita za ki fi bibiya, amma kar ki raina ta gida, da ita za ta yi ƙawaye da ciniki a kasuwa.

To yanzu makarantar unguwar. Ki je da kanki ranar da ake karatu, ba ranar rajista ba, ki roƙi a bar ki ki zauna a bayan ajin da za a sa ta. Ki ƙirga yaran. Idan sun haura ɗari a ɗaki ɗaya ƙarƙashin kwano babu silin, ki san na'urar kunne ba ta zaɓe, hayaniyar duka take ƙara wa ƙarfi, wasu yaran cire ta suke yi su jefa a jaka saboda ciwon kai. Ki kalli malamar, tana magana ta juya baya tana rubutu a allo? Tana tsayawa a bakin taga haske na bayanta fuskarta ta yi duhu? Waɗannan duk ana gyara su ba da ko sisi ba idan malamar tana da niyya: a zaunar da yarinya a gaba ta gefe inda za ta ga malama ta ga 'yan aji, a rubuta aikin gida a allo maimakon a faɗa da baki ana tashi, idan wani yaro ya ba da amsa daga baya malama ta nuna shi ta maimaita, sannan a haɗa ta da ƙawa mai hankali da za ta taɓa ta idan an buga ƙararrawa ko an canza shafi. Idan malamar mai sa niƙabi ce a yi magana da ita cikin mutunci, yara ƙanana ne, yawanci suna yarda su ɗage a cikin aji. Sai babbar tambayar, akwai wanda ya karanta ilimi na musamman a makarantar, ko ɗaya? Jami'ar Bayero tana da wannan sashen, Jami'ar Jos ma haka, ga kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo tun 1977, masu takardar suna nan wallahi, sau da yawa ma an tura su wata makarantar suna koyar da lissafi ba a san da su ba.

Kuma ba alfarma kike nema ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce ilimi kyauta ne gare su har sakandare, ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa kuma a samu ma'aikaci mai horo da zai kula da su. Aiwatarwa ce matsalar, amma idan kika je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma kina sane da haka, ku biyu ko uku iyaye masu irin larurar, maganarku ta fi nauyi a kan a turo malami.

Ra'ayina, in gwaji ya nuna tana da ragowar ji kuma kin samu malama mai niyya a aji marar cunkoso, ki bar ta a unguwa ta tafi da 'yan uwanta ta dawo ta kwana a ɗakinki, su ma sauran yaran suna amfana, 'yan ajina cikin wata guda suke iya haruffan yatsa su fi ni sauri. In kuwa jin ya tafi duka kuma babu mai hannu a makarantar, to dangin babanta ba su yi laifi ba, makarantar kurame irin ta Tudun Maliki da ke Kano inda za ta samu harshe cikakke da yara irinta ta fi mata a shekarun farko, daga baya in ta iya karatu da rubutu ta shiga sakandare da kowa. Abin da ba na so shi ne kwana a makaranta ga 'yar shekara shida mace wadda ba ta iya kawo ƙara ba tukuna, in da hali a yi jeka-ka-dawo, kuma tun yanzu ki koya mata alamar "a'a" da "wani ya taɓa ni", ki tabbata ta san ke za ta gaya wa.

Kar a manta Islamiyya, don can ne aka fi barin su a baya tunda karatun duk da kunne ne ana biya wa a maimaita. Ki roƙi malamin ya fara mata da baƙaƙe a rubuce, alwala da sallah kuma ki tsayar da ita kusa da ke ta gani ta yi. Ke ma ki nemi wata kurma babba a unguwarku ta riƙa zuwa gida tana koya muku hannu ke da babanta da yayyenta, ku ɗan riƙa ba ta na mota. In kin karɓo takardar gwajin ki turo hotonta, ki rufe sunan yarinyar, in duba in gaya miki kunnen da ya fi ji don a san ɓangaren da za a zaunar da ita.